Barewar da Ta Ƙi Gudun Baba

Gidan da council, wato ƙaramar hukuma, suka ba mu yana can ƙarshen gabashin London, bayan Romford, inda bas take tuƙewa direba ya kashe mota ya buɗe jarida. Ranar da muka je dubawa na tambayi matar da ta kawo makulli ko akwai ɓeraye, don a gidan da muka baro a Old Kent Road ɓerayen ne masu gida, mu 'yan haya ne kawai. Ta ce babu ɓera, sai dai barewa. Na yi mata dariyar ladabi, na ɗauka irin barkwancin Turawan nan ne marar gishiri. Washegarin tarewarmu na ɗaga labule na ga garke guda a kan ciyawar ƙofar gida, wasu a tsaye, wasu a kwance suna tuƙa, ɗaya kuma ta cusa kai cikin kwandon shara.

Ashe akwai daji a bayan unguwar, daga can suke fitowa. Suna tsallaka titi a hankali bas ta tsaya ta jira su. Suna cin furen mutane, su kwanta a filin wasan yara. Na shuka alayyahu a bayan gida suka cinye, na sake shukawa suka dawo da 'yan uwansu. Da a gida ne da unguwa ta ji muryata, don ni ba a san ni da haƙuri ba kuma ban taɓa neman maganin hakan ba. Amma ƙasar nan ta koya mini haɗiye magana. Nan in ka ɗaga murya sai a aiko maka da takarda, don haka na koma sayen alayyahu a kanti.

Muna shekara ta biyu a gidan aka kawo Baba.

Babana maharbi ne, ɗan maharbi. A ƙauyenmu, can kudancin Kano inda duwatsu suke farawa, da naman daji aka raine mu: gada, zomo, zabon daji, wani lokaci mazo. Ban san ana sayen nama a kasuwa ba sai da na tafi makarantar kwana. Bayan rasuwar Inna zuciyarsa ta fara ba shi wahala, numfashi ya riƙa yanke masa ko daga ɗaki zuwa masallaci. Likitoci a gida suka ce sai an yi masa aiki, muka yi ta fafutuka har muka kawo shi. Likitan nan ya duba shi ya ce aikin zai yiwu, amma tsohon ya rame kuma jininsa ya yi ƙasa. Ya sa mana rana, ya ce kafin nan sai ya ci abinci ya yi ƙiba, in ba haka ba ba za su taɓa shi ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, girki ne, ni kuwa 'yar Inna ce.

Tsorona a lokacin wani ne daban. Na san wanda na kawo, na kuma san abin da yake kwana a ƙofar gidana. Ina ta hango shi ya kama ɗaya ya fuskantar da ita gabas a kan ciyawar council, 'yan sanda su zo, a kore mu daga gidan. Na gaya wa maigidana, wanda akanta ne, mutum mai sanyin hali da ko ƙuda ya shigo ɗaki sai ya buɗe masa taga. Ya kwashe wuƙaƙen kicin kaf ya zuba a bayan motarsa. Sai daga baya wani abokin aikinsa ya faɗa masa cewa a London yawo da wuƙaƙe a mota ya fi yanka barewa hatsari. Ya dawo da su a gigice ya ɓoye a cikin injin wanki.

Safiyar farko, bayan sallar asuba da gari ya fara haske, na sami Baba tsaye a tagar kicin, carbi a hannunsa amma ya daina ja. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, waɗannan na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"Ba na kowa ba, kuma har yanzu suna da rai?"

Na ce doka ce ta hana a taɓa su. Bai ma saurare ni ba. Ya ce waɗannan ba bareyi ba ne, barewa ba ta da ɗigo-ɗigo, sun fi kama da mazo, sai dai mazon da ya ƙoshi fiye da kima. Ya ɗauki babbar rigar sanyin maigidana ya ɗora a kan jallabiya, ya zura silifa ya fita. Ina kallonsa ta taga. Ya tsinki ciyawa ya saki don ya ga inda iska take kaɗawa. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin maharbi ya yi ba, ya zagaya ya tsaya daidai inda iska za ta kai musu warinsa. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

Ɗaya ta ɗago kai ta dube shi, ta ci gaba da tauna. Ya matsa, ya sake matsawa, har ya kai inda in ya miƙa hannu zai shafa bayanta. Ta ɗan gusa don ya taka mata ciyawa, ta ci gaba da kiwonta. Ya daɗe a tsaye a cikinsu, sannan ya juyo ya shigo. Kokon da na dama masa ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Sai da yamma ya faɗa mini abin da ke damunsa. Ya ce shi abin da ya tashi ya tarar a wurin maharban gidansu, nama yana jin warin wanda ya kashe danginsa, ko da ya yi wanka da sabulun duniya. Muddin nama yana gudunka, to kana da sauran kwana. Ranar da ya gan ka ya tsaya yana kallonka, daji ne ya aiko shi ya sallame ka. Ya ce haka ya faru da mahaifinsa. Wata safiya gada ta tsaya masa a bayan rumbu tana kallonsa, tsohon ya shiga ɗaki ya rataye bakansa, bai ga girbin shekarar ba.

Na yi dariya, kuma har yau ina jin haushin dariyar nan. Na ce, "Baba, waɗannan ba sa gudun kowa. Mai kawo wasiƙa ta tsakiyarsu yake bi. Yara suna ɗaukar hoto da su."

Ya ce, "Mai wasiƙar ya taɓa kashe wani abu? Me zai sa su guje shi? Ni jinin kakanninsu ne a hannuna."

"Kakanninsu ba su taɓa zuwa Kano ba."

"Nama duk dangi ne, Uwata."

Daga ranar cin abincinsa ya koma lomar kunya. Ya ɗan taɓa tuwo, ya kurɓi shayi, ya ce alhamdu lillahi. Kullum da safe sai ya fita ya tsaya musu, kullum su yi masa kallon itace. Ƙanena da ke Kanada ya ji labari, ya turo bidiyo wai don ya kwantar masa da hankali. Wata dabba ce a ciki, tsawon raƙumi da fuskar jaki, ƙahonta kamar an kifa mata farantai biyu, tsaye a ƙofar gidansa tana lasar gishirin narkar da ƙanƙarar titi da ya manne wa motarsa, shi kuma yana kusa da ita yana ɗaga mana hannu. Baba ya kalla har ƙarshe ya miƙo mini wayar. Ya ce yaron nan ko kaza bai taɓa yankawa ba, in dabbar ta hau gadonsa ma ba abin mamaki ba ne.

Sai ya fara tunanin ko laifin nasa ne. Wataƙila, in ji shi, da yake a tsaye yake zuwar musu kamar mai sayen goro, ba su gane maharbi ba ne. Maharban wajenmu suna da dabarar da ake kira burtu. Su sassaƙa kan tsuntsun nan burtu da dogon wuyansa, su ɗaura a goshi, su lulluɓa baƙin zane, su riƙa rarrafe cikin ciyawa suna kaɗa kai kamar tsuntsu yana tsince-tsince. Nama ba ya tsoron burtu, sai ya bari a matso. In an matso sai maharbi ya miƙe tsaye. Baba ya ce a wannan miƙewar ce kowane nama yake sanin wanda ke gabansa.

Ni ban san ya yanke shawara ba. Na dai nemi lemar maigidana mai lanƙwasasshen mariƙi na rasa, na nemi baƙar abayata na rasa. Ina sama ina shirin tafiya aiki na leƙa taga, sai ga wani baƙin abu yana rarrafe a kan ciyawa. Ya cire mariƙin lemar ya zura masa baƙar safa, ya ɗaure a goshi da igiyar rigar wanka. Wallahi ko a cikin firgicin da nake sai da na yaba. Tsohon da ba ya iya hawa bene sai ya huta a tsakiya, ga shi yana tafiya da gwiwa da hannu, ya tsaya, ya sunkuyar da kan ya yi tsince, ya waiga hagu, ya ci gaba. Tun ina yarinya rabon da in ga haka.

Ya shiga tsakiyarsu, ya yaye abayar, ya miƙe da ƙyar ya buɗe hannuwa. Wata ƙaramar barewa ta matso ta shinshina safar ta fara taunawa.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce da mijinta ya rasu, ita take ba su karas ta kan shinge, kowace ta raɗa mata suna. Ta hango tsoho a ƙasa cikin baƙin mayafi, ta ɗauka faɗuwa ya yi, ta kira motar asibiti. Kafin in kai shi ciki in kwance masa igiyar sun iso da fitilunsu. Mace da namiji ne, masu kirki ƙwarai. Suka auna shi, suka tambaye ni me yake yi a ƙasa. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa da Turanci. A ƙarshe na ce musu yana zama tsuntsu ne. Matar ta rubuta wani abu a takardarta, ta tambaye ni a hankali ko ya daɗe yana jin shi tsuntsu ne. Na ce tun kafin a haife ni, sana'arsa ce. Suka tafi bayan sun ce lallai ya riƙa cin abinci, kamar ni ban sani ba.

Abin ya fara ba ni tsoro sosai. Wandonsa ya riƙa zamewa, ƙashin wuyansa ya fito. Na zauna na yi tunani na ce to, tunda nama ne ya jawo, bari nama ya gyara. In ya ci naman irinsu, ya tauna shi da haƙoransa, zai tuna waye babba tsakaninsu.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Whitechapel wajen wani mahauci ɗan Bangaladash da nake saye a hannunsa. Na ce ina son naman barewa na halal. Ya ce ana samu amma sai an yi oda. Na kira maigidana na ce, "Na yi booking ɗin cinya, ranar Asabar za ka je ka yi collecting." Ya ce cinyar me, na faɗa masa. Sai ya ce don Allah kada a bari na ƙofar gida su gani.

Inna ba ta taɓa dafa naman daji ɗanye ba. Sai ta yanyanka shi manya-manya ta shafe da gishiri da barkono, ta ɗora a ragar da ke saman murhu hayaƙi ya yini yana shigarsa har ya yi baƙi-baƙi ya ƙame. Sannan ta wanke, ta dafa a hankali da daddawa da citta da kimba da masoro da tafarnuwa, ba tumatir, albasa kaɗan. Haka na yi niyyar yi. Na fito da abin gashin maigidana bayan gida, na zuba gawayi, na ɗora ɗanyen itacen da na tsinto a bakin daji don ya yi hayaƙi. Na ɗaura zane a kan rigar sanyi na zauna a kan bokiti ina fifita.

Hayaƙin bai daɗe da tashi ba suka fara zuwa ta ƙofar baya da muka manta a buɗe. Ɗaya, sai wata, sai wani babban namiji mai ƙaho da rassa. Suka kewaye ni suka tsaya suna kallon cinyar ɗan uwansu a kan wuta, ko a jikinsu. Ɗaya ta sa baki a faranti ta cinye mini albasa. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan shinge ta ce me nake dafawa mai ƙamshi haka. Ni kuma ban iya ƙarya da gaggawa ba, na faɗa mata gaskiya. Ta dafe ƙirji, ta zagayo cikin gidana da silifa tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙafafunsu. Sai da ta tabbatar kowa cinyarsa tana jikinsa ta koma, kuma ta yi mako ba ta gaishe ni ba.

Duk wannan Baba yana zaune a bakin ƙofar kicin yana gani. Ban yi tunanin wannan ba. Na so in nuna masa nama a tukunya, sai na nuna masa naman da ake ƙona ɗan uwansa a gabansa bai motsa ba.

Farfesun ya yi kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Da na buɗe tukunyar sai da hawaye ya zo mini, don ƙamshin ɗakin girkin Inna ne sak. Na zuba masa na durƙusa na ajiye. Ya kurɓi romon ya lumshe ido. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya daɗe yana taunawa.

"Hannun uwarki ne," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka. Amma naman nan bai taɓa gudu ba. In nama ya yi gudu ana ji a cinyarsa."

Ya ture kwanon. Na juye sauran a roba na jefa cikin firiza da ƙarfin da ya sa ƙofar ta sake buɗewa.

Dabara ta gaba ta maigidana ce, kuma ina so a san haka. Ya same ni a ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Kin ga in bai ƙara weight ba, za su yi cancel ɗin aikin. Abin da Baba yake so kawai su gudu ne, ko? To mu sa su gudu." Yana da wata 'yar sifika da yake haɗawa da waya. Zai ɓoye ta cikin shingen furanni, in Baba ya fita ya yi gyaran murya sai ya danna daga tagar sama. Na ce kukan me zai sa, kare? Ya ce sun saba da karnuka, gara a fara daga sama. Zaki zai sa.

Da safe Baba ya fita kamar kullum, yana jan ƙafa. Ya tsaya, ya yi gyaran murya. Shingen furanni ya yi wani ruri da ya girgiza gilashin taga.

Bareyin London ba su taɓa jin zaki ba, su da iyayensu. Ko kunne ba su kaɗa ba. Amma Baba ya taɓa ji sau ɗaya yana saurayi, kuma jikinsa bai manta ba. Kafin maigidana ya sami inda ake tsayarwa, tsohon nan mai ciwon zuciya ya riga ya shigo gida ya danna sakata, silifarsa ɗaya a waje. Muna tsaye ni da shi a bayan ƙofa yana haki, sai rurin ya yanke, wata mata ta fara magana daga cikin shingen da fara'a tana tallar inshorar mota.

Baba ya saurara. Maigidana ya sauko daga bene a hankali, waya a hannu, ya durƙusa tun daga nesa.

Baba ya ce, "Malam, zakin naka yana sayar da wani abu ne?"

Kunyar suruki ta sa maigidana, bawan Allah, ya riƙa fita tun duhu yana dawowa bayan isha'i har tsawon kwanaki. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi yanzu magana ta fito fili: an yi ruri a fili ɗaya, nama ya tsaya, maharbi ya gudu. Daga nan ya daina fita gaba ɗaya, ya daina ko lomar kunyar.

Ranar da za a koma asibiti a auna nauyinsa da jininsa, na tashi da sassafe na ɗora tuwon masara. Tuwo da safe ba al'adar gidana ba ce, amma na rasa abin yi, na ce ko zai ci wani abu mai nauyi kafin ya hau sikeli. Ina cikin tuƙi na ji motsi. Na leƙa falo na gan shi zaune a kan jakarsa, ya ɗaure ta tsaf, hularsa a kai, sandarsa a jingine.

Na ce, "Baba, ai ba kwana za mu yi ba, awo ne kawai."

Ya ce, "Ba asibiti za ni ba. Ki ce wa Malam ya nemo mini jirgi. Kada su yanka ni a banza, Uwata. Ki mai da ni gida, ina so a sa ni kusa da uwarki."

Ya faɗa ne a natse, ba fushi, ba neman lallashi. Na san muryar nan. Da ita ya faɗa mana Inna ta cika. Na tsaya da muciya a hannu, tuwo na ɗiga a kan kafet, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Ubana zai mutu, ba don zuciyar ta gagara gyara ba, sai don wasu awaki masu ɗigo-ɗigo ba su da tarbiyya. Na waiga taga, ga babban namijin nan tsaye a bakin ƙofata yana tauna furen maƙwabciya yana kallon cikin falo.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar ba. Ba takalmi a ƙafata, ɗankwalina ya maƙale a jikin ƙofa na bar shi a nan. Duk maganar da na haɗiye tun zuwana London ta taso lokaci guda, kuma da Hausa ta fito.

"Kai! Kai ɗan banza marar mutunci! Ka san wanda ke cikin gidan nan? Ka san shi? Mutumin da in ya yi tari a bakin daji gada take barin 'ya'yanta! Da naman irinku ya raine mu, da fatarku muke salla! Ku ba ku da iyaye ne da za su gaya muku? Gudu kawai aka ce ku yi! Gudu! Me zai rage ku da shi? Ka cinye mini alayyahu na yi shiru, ka cinye albasa na yi shiru, yanzu ubana kake so ka cinye?"

Na maka wa murfin kwandon shara muciya har ya tsage. Na buga ƙafa, na yi kansa ina juya muciyar a sama. Labulen gidajen layin suka riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Bas ta zo wucewa direban ya rage gudu, mutanen ciki suka manne da gilashi. Na tsaya a gabansa, numfashina a fuskarsa, na nuna shi da muciyar na ƙare masa zagin da na sani har da wanda ban san na sani ba.

Ya dube ni da manyan idanunsa. Ya miƙo wuya, ya fito da harshe, ya fara lasar tuwon da ke jikin muciyar.

Nan ƙarfina ya ƙare. Na tsaya riƙe masa muciyar yana lasa, ina kuka kamar yarinya, ƙafafuna sun mutu don sanyi. Sai na ji ƙarar sanda a bayana.

Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya dubi dabbar, ya dube ni, ya dubi murfin da ya tsage.

"Uwata, da muciya kika fito masa?"

"Da muciya, Baba."

"Kika yi masa ihun nan naki gaba ɗaya? Ba ki rage ba?"

"Ban rage komai ba."

Ya jinjina kai. "Tun kina 'yar mitsitsiya, in kika ɗauki muciya ƙannenki katanga suke haurawa. Karnukan farautata ƙarƙashin rumbu suke shigewa. Ni kaina, Allah Ya gani, na sha tuna ina da aiki a gona." Ya matsa ya leƙa fuskar dabbar da kyau, kamar mai duba akuya a kasuwa. Ita kuwa ta gama da gefe ɗaya na muciyar ta koma ɗayan. "A'a. Wannan ba shi da hankali. Daji ba ya ba mahaukaci saƙo ya kai wa mutum."

Ya cire hularsa ya kifa mini a kai, ya ce in shiga ciki Turawa suna kallona. Muna shiga ƙaurin tuwo ya tare mu, ya kama a gindin tukunya. Ya ce in kankaro na saman, ba komai. Ya tambaya ko romon nan na rannan an zubar, na ce yana firiza. Ya ce in ɗumama, naman dai rago ne amma romon ba shi da laifi.

Ya sauka daga kan jakar ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya wanke hannu. Na zauna nesa kaɗan da hularsa a kaina ina kallon hannun yana zuwa kwano yana komawa baki, ina tsoron in yi motsi ya fasa. Ya cinye ya suɗe yatsu, ya miƙo kwanon in ƙara.

"Ƙarfe nawa likitan ya ce mu je?"